Wonder Woman: fim ɗin da ya ɓata rawarsa da tsalle?

Adda Ummi (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai kalli Wonder Woman na farko ba, wato na 2017, ya tsallake wannan hira, don zan tona ƙarshen labari. Ni dai ina nan a kan bakana: kashi biyu cikin uku na fim ɗin nan ya fi yawancin finafinan su Superman da Batman da na taɓa gani. Kashi ɗayan da ya rage kuwa an ɓata rawa da tsalle. Tun daga farko Diana, ita Wonder Woman ɗin, ta yi imani cewa mutum ɗaya ne ke haddasa yaƙi, wato Ares, ubangijin yaƙi a tatsuniyar Girkawa, kuma in ta kashe shi duniya za ta zauna lafiya. Ta kashe Janar Ludendorff tana zaton shi ne, ta juya ta ga sojoji na ci gaba da lodin bama-baman guba a jirgi, ko a jikinsu. A nan ya kamata a tsaya. A nan yarinyar ta gane cewa sharrin a cikin mutane yake, ba wani ne ke hura musu shi ba. Sai kawai aka fito mana da Ares ɗin na gaske, aka shiga jifan juna da tankoki. Me ke nan aka koya mata? Cewa da ma ita ke da gaskiya?

Ɗan Kuseri: Wa alaikumus salam Adda. To in babu bos a ƙarshe, fim ɗin me muka zo kallo? Wa'azi? 😂

Adda Ummi (Garwa): Ƙanena, bos ɗin da aka ba ka ma ai ba bos ba ne. Dattijo ne mai gashin baki, ɗan majalisar Ingila da ke ta kiran a yi sulhu, aka cusa shi cikin sulken ƙarfe. Gashin bakin na leƙowa ta ƙasan kwalkwali. Tsoro ya ba ka ko dariya?

Ɗan Kuseri: Gashin bakin kam ya ba ni dariya, ba zan yi ƙarya ba. Amma David Thewlis ɗan wasa ne na gaske. Lokacin da yake sanye da kwat yana magana a hankali ya fi ban tsoro.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Adda Ummi, abin da kika gani ita ma mai fim ɗin ta gani. Patty Jenkins, darakta, ta faɗa a wata hira a ƙarshen 2020 cewa ƙarshen da ta tsara tun farko bai kai haka hayaniya ba, kamfani ne ya sa ta canza shi a ƙurarren lokaci. Kuma ana gane hakan a ido. Duk faɗan da aka yi a baya da rana aka yi shi, ko a wurin da kake ganin ƙasa da bango da mutane. Na ƙarshen kuwa cikin dare, ga wuta ga hayaƙi ga walƙiya, duk siddabarun kwamfuta. In ka kalla a waya mai ƙaramin gilashi ba ka ma gane wa ke dukan wa.

Zainabu (Injamena): Salamu alaikum. Adda, ina tare da ke a kan Ares, amma ni ba nan ne ya fi ci min rai ba. Ku duba abin da ya buɗe ƙarfinta na ƙarshe. Ba kisan gwaggonta Antiope ba ne, wadda ta koya mata yaƙi tun tana ƙarama kuma ta tare mata harsashi a bakin teku. Ba mutanen ƙauyen Veld ba ne, da aka kashe su kaf da iskar guba washegarin da ta cece su. A'a. Sai da saurayinta Steve Trevor ya tashi da jirgi ya tarwatsa kansa, sannan ta tsinke ƙarafan da suka ɗaure ta. Mace mai shekaru ɗaruruwa, wadda ta girma cikin mayaƙa, sai namijin da ta sani kwanaki kaɗan ne zai nuna mata ko ita wace ce. Kuma in an lura, babbar sadaukarwar fim ɗin Steve Trevor ne ya yi ta, ba ita ba.

Ɗan Kuseri: Kai Zainabu! Ko mutuwa namiji ya yi a fim sai an ce ya ƙwace wa mace wuri?

Zainabu (Injamena): Sunan wa aka rubuta a jikin fim ɗin, Yaya? Nasa ko nata?

Adda Ummi (Garwa): A nan kam ba na tare da ke duka, ƙanwata. Shekara nawa muna kallon finafinan da ake kashe matar jarumi ko budurwarsa don shi ya fusata ya ɗauki fansa? Wannan karon an juya abin, namiji ne aka kashe don labarin mace ya ci gaba. Kuma Steve ba shi ya koya mata tausayi ba, da abinta ta zo. Tun a Landan take son tsayawa wurin duk wanda ta gani cikin wahala, shi kuma yana ja mata hannu yana cewa babu lokaci. Abin da ya ƙara mata ɗaya ne: cewa ana iya tsaya wa mutane ko da ba su cancanta ba. Wannan kuwa dole mutum ne zai faɗa mata, don ita ba a cikin mutane ta tashi ba.

Zainabu (Injamena): Da Etta ce ta faɗa mata fa? Sakatariyar nan mai ban dariya, wadda ke maganar 'yancin mata na jefa ƙuri'a. A 1918 ɗin ne ma aka fara barin wasu matan Ingila, masu shekara 30 zuwa sama, su yi zaɓe. Ga labari a hannu, aka bar shi. Daga barin tsibirin matan da ta tashi a ciki zuwa ƙarshen fim, mace nawa Diana ta yi doguwar magana da ita? Etta ta taya ta zaɓen kaya ta riƙe mata takobi, shi ke nan. Dakta Maru mai haɗa guba, wadda ya kamata a ce ita ce abokiyar gabarta ta gaske, ko hira ɗaya ba su yi ba. Ba mu san me ya ƙona mata fuska ba, ba mu san me ya mai da ta haka ba. Labarin kuma maza uku ne suka tsara shi, Allan Heinberg da Zack Snyder da Jason Fuchs. Ina ganin a wurin nan abin ya nuna.

Adda Ummi (Garwa): Batun Dakta Maru kam na sallama miki. An yi asarar mace a nan.

Maman Hafsa (Ngaundere): Ku yi haƙuri in shigo da tawa damuwar, ta uwa. 'Ya'yana mata sun so fim ɗin ƙwarai, har ƙaramar ta koma tana haɗa hannuwa a ƙirji wai tana tare harsashi da awarwaro. Amma don Allah shigar nan fa? Za ki shiga filin yaƙi, ana sanyi har ƙanƙara na zuba, sojoji kowa da babbar riga har gwiwa, ke kuma cinya a waje, kafaɗa a waje, da takalmi mai tudu. In ƙarfi ake son nunawa me ya kawo wannan? Ni abin da na gani shi ne har yanzu sai mace ta yi kyau ta nuna jiki sannan a yarda ta zama jaruma.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Hajiya, ba ke kaɗai ba. James Cameron, wanda ya yi Titanic, ya faɗi makamancin haka a shekarar da fim ɗin ya fito, ya ce ci baya ne, aka yi masa ca. Ita Patty Jenkins ta mayar masa da cewa ba dole sai mace ta zama mai tauri da murtuke fuska ba kafin a kira ta mai ƙarfi.

Adda Ummi (Garwa): Maman Hafsa, shigar ba zan kare ta ba, ba tamu ba ce, kuma tun 1941 da William Moulton Marston ya ƙirƙiro ta a littafin zane haka take, har ma ta yanzu ta fi rufi. Amma ki sake dubawa ki ga inda kyamara ke tsayawa. A finafinai da yawa in mace ta shigo sai a fara ɗaukarta daga ƙafa a hau sama a hankali, kamar ana tallarta. A nan kyamara na kan fuskarta, ko hannunta, ko garkuwarta. Ki gwada da Justice League, wanda ya fito a shekarar, 'yar wasa ɗaya, kaya iri ɗaya, amma maza ne suka ba da umarni. Za ki ga bambanci ba sai an nuna miki ba. Sannan matan tsibirin nan ba duka 'yan mata ba ne masu santsin fuska. Robin Wright, wadda ta fito a matsayin Antiope, ta haura hamsin lokacin da fim ɗin ya fito, da tabo a jikinta, kuma ita ce ta fi kowa kwarjini a cikinsu. Har 'yar dambe ta gaske aka sa, Ann Wolfe.

Maman Hafsa (Ngaundere): Wannan na Antiope na yarda. Da ita aka yi wa fim ɗin sukutum da na fi so. Amma dai akwai wurin da na sa yara suka je ɗebo min ruwa, kin gane ai. 😅

Malam Ƙarami (Marwa): Assalamu alaikum. Ni tawa ƙarama ce amma babba ce. Fim ɗin ya buɗe da cewa wai wani Zeus ne ya halicci mutane, wai yana da ɗa, a ƙarshe ma ita jarumar 'yarsa ce. Babba ya san tatsuniyar Girkawa ce. Yaro ɗan shekara bakwai fa? Ban ce kar a kalla ba, wannan kowa da gidansa. Na ce dai kar a ajiye wa yara a fita.

Adda Ummi (Garwa): Gaskiya ne Malam, Allah ya saka. Ni nakan ce musu irin labarin Gizo da Ƙoƙi ne na wasu mutane, kuma su kansu Girkawan yau ba su bauta wa waɗannan abubuwa.

Kawu Bala (Marwa): Jama'a barkanku da hira. Na karanta duka, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. 'Yata Ummi, kin san yaƙin da ake yi a fim ɗin nan ya zo har ƙofar gidanku?

A lokacin Kamaru a hannun Jamus take. A ƙarshen watan Agusta 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka afka wa Garwa, Jamusawa suka kore su, har kwamandansu ya mutu a wurin. Sai a watan Yuni 1915 Ingila da Faransa suka haɗu suka ci garin. Kuseri kuwa, ɗana, Faransawa ne suka ƙetaro daga Fort-Lamy, Injamenar yau, suka karɓe ta tun a 1914. A Mora wani hafsa mai suna von Raben ya hau dutse da mutanensa ya ƙi sauka, aka kewaye shi fiye da shekara, sai a watan Fabrairu 1916 ya miƙa wuya, bayan duk sauran Kamaru ta faɗi. Su wa kuke zaton suka riƙe bindigogin nan, ɓangare biyun duka? Turawa 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Sauran baƙaƙe ne, kakanninmu da maƙwabtansu. Ban da 'yan dako da aka kama da ƙarfi suna ɗaukar kaya a ka.

To da wannan idon na kalli fim ɗin. Abin da ya yi daidai: ya zaɓi Yaƙin Duniya na Ɗaya maimakon na Biyu. A littafin zane na asali da 'yan Nazi take faɗa, kuma wannan abu ne mai sauƙi, kowa ya san mugu. Yaƙin 1914 kuwa ba shi da mai gaskiya ƙarara, dauloli ne ke rigima a kan ƙasa da iko, har da ƙasarmu a cikin abin da ake rabo. Wuri ne mai kyau da za a kai yarinyar da ke neman mugu guda ɗaya. Abin da ya yi kuskure: bayan ya zaɓi wannan yaƙi, sai ya mai da Jamusawa su ne miyagu zalla, tana karkashe su babu ko waiwaye, alhali yawancinsu yara ne da aka tilasta. Guba ma kowane ɓangare ya yi amfani da ita. Jamus ce ta fara sakin ta da yawa a Ypres cikin 1915, amma Ingila da Faransa ba su tsaya kallo ba. Kuma Ludendorff mutum ne na gaske, bai mutu a 1918 da takobin wata mace ba, sai 1937 ya mutu, kuma ba ya shaƙar wani hayaƙi ya ƙara ƙarfi.

Ɗan Kuseri: Tabɗi. Kawu, wallahi ban taɓa haɗa yaƙin fim ɗin da na garinmu ba. Mu na Rabe da Lamy kawai muka sani.

Kawu Bala (Marwa): Wancan na 1900 ne, ɗana, daban yake. Wannan ya biyo baya da shekara 14.

Adda Ummi (Garwa): Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma in ɗan kare fim ɗin a nan. Bai bar Turawan Ingila ba. Ka tuna inda ta kutsa ɗakin manyan hafsoshi, inda ba a barin mace, ta ji suna cewa sojoji ai da ma don mutuwa aka yi su, ta wanke su tas ta kira su matsorata masu ɓuya a bayan tebur? Sannan Ares da kansa a ɓangaren Ingila ya ɓuya, ba Jamus ba. Ga kuma abokan tafiyarsu: Sameer, wanda Saïd Taghmaoui ya fito a matsayinsa, ya ce shi wasan kwaikwayo ya so yi amma launin fatarsa ya hana. Da wanda suke kira Chief, ɗan asalin Amurka, da ta tambaye shi wa ya ƙwace ƙasarsu ya nuna Steve da ke barci. Wannan 'yar magana ta yi min daɗi ƙwarai.

Kawu Bala (Marwa): Na gani, 'yata, kuma na yaba. Sai dai maganganu ne na wucewa, a faɗa a wuce. A tashar jirgin ƙasa an ɗan nuna sojojin Indiya masu rawani. To ina tirayo, wato sojojin Senegal, da sauran 'yan Afirka da Faransa ta kwasa ta kai ramukan yaƙin Turai? Sun fi dubu ɗari. Amma dai fim ɗin Amurka ne, ban sa rai ba.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Duk da haka Kawu, ka faɗi gaskiya, wurin da ta fito daga ramin nan bai motsa ka ba?

Kawu Bala (Marwa): Ya motsa ni. Ba zan ɓoye ba.

Adda Ummi (Garwa): Alhamdu lillahi, an zo wurin! Wannan fitowar ita ce fim ɗin. Kuma ba don faɗan ba, don yadda aka gina ta. Tun da ta sauka a Landan ake ce mata a'a. Kar ki riƙe takobi a titi. Kar ki shiga ɗakin nan. Kar ki yi magana. Kar ki tsaya wa dokin da ya maƙale a laka, kar ki tsaya wa sojan da ƙafarsa ta yanke. An lulluɓe ta da kwat da hula da tabarau. Fiye da awa guda muna kallo ba mu ga cikakkiyar shigar jarumar ba. Sai wata mata riƙe da jariri a cikin rami ta kama ta tana kuka, ta ce an kama ƙauyensu ana bautar da mutane. Steve ya ce wannan fili shekara guda sojoji ba su ci ko taku kaɗan a cikinsa ba, ba abin da ya kawo mu ke nan ba. Ta juya baya, ta saki gashi, ta hau tsani. Kuma ku lura, a filin nan ba ta kai wa kowa hari ba. Tafiya take yi, sannan ta durƙusa a bayan garkuwa, bindigogi masu jigida duk suka koma kanta, su kuma mazan suka samu hanya. Jarumtar tata ita ce ta ɗauke wuta a kanta don wasu su wuce. A wane fim ɗin Batman kuka ga haka?

Zainabu (Injamena): Wannan wurin ba ni da ja. Har da kiɗan. Ba a sa wannan kiɗan nata mai ƙara ba sai da ta shiga ƙauyen ta fara fasa tagogi. A filin kansa kiɗa ne mai nauyi, a hankali.

Ɗan Kuseri: Ni kuwa inda ta ruguza hasumiyar cocin nan saboda maharbi ɗaya ne ya burge ni. Mutanen ƙauye na tafa mata, ba wanda ya ce wa zai biya kuɗin gini. 😂

Abban Yusra (Injamena): Ku gafarce ni, amma ana ta yabo ba a faɗi abu ɗaya ba. Gal Gadot, wadda ta fito a matsayin Diana, 'yar Isra'ila ce, ta yi shekara biyu a sojan ƙasar, kuma ta fito fili ta goyi bayansu lokacin yaƙin Gaza na 2014. Labanan ta hana nuna fim ɗin saboda haka, Tunisiya ma haka. Ni ba zan iya zama in kalle ta tana kuka a kan yaran da yaƙi ya kashe ba. Ba na hana kowa, amma ni ban kalla ba kuma ba zan kalla ba.

Adda Ummi (Garwa): Abban Yusra, matsayinka ne kuma ina girmama shi. Ba ƙaramin abu ka faɗa ba, ni ma yana raina duk lokacin da na ga fuskarta. Ni dai na raba aikin da mai aikin, wani ba zai iya ba, kuma ban ce nawa ne daidai ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, an faɗa an ji. Maganar Falasɗinu tana da nata wurin, kar ta cinye wannan. A ci gaba da fim.

Zainabu (Injamena): To in an koma kan iya wasa, ita Gadot ɗin ba wata gwana ba ce. In ana son mamaki ko murna, kamar inda ta fara ganin jariri ko ta ɗanɗana askirim, tana yi da kyau, fuskarta na da haske. In aka zo baƙin ciki mai zurfi ko doguwar magana sai ka ga abin ya fi ƙarfinta. Mu da muka kalla da Faransanci ma an rufa mata asiri, mai muryar ta taimaka. Chris Pine, wanda ya fito a matsayin Steve, shi ne ya riƙe yawancin hirarrakin.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Amma rashin gogewar tata ya dace da Diana, wadda ita ma baƙuwa ce a duniya. Kuma ku tuna halin da ake ciki kafin fim ɗin. Catwoman na 2004 da Elektra na 2005 sun faɗi warwas, sai manyan kamfanoni suka riƙe wannan hujja fiye da shekara goma cewa fim ɗin jaruma mace ba ya kawo kuɗi. Finafinan maza nawa suka faɗi a tsakanin ba a ce a daina na maza ba? Wonder Woman da aka kashe masa kusan dala miliyan 150 ya tara sama da miliyan 800. A kwana ukun farko a Amurka ya haura miliyan 100, abin da wata darakta mace ba ta taɓa samu ba kafin nan. Ita Jenkins ɗin tun Monster na 2003, wanda Charlize Theron ta ci Oscar da shi, ba ta sake fitar da fim na silima ba sai wannan. Shekara 14. Bayan shi Captain Marvel na 2019 ya haura biliyan ɗaya.

Ɗan Kuseri: Sai kuma na biyun ya zo a 2020 ya kwance musu zani a kasuwa. Darakta ɗaya, jaruma ɗaya. Shi wa za a ɗora wa laifi, kamfani?

Adda Ummi (Garwa): Na biyun kar ma a fara, kaina zai yi ciwo. Mace ta yi shekara sittin da wani abu tana makokin saurayin kwana kaɗan. A can kam maganar Zainabu ta tabbata ɗari bisa ɗari.

Maman Hafsa (Ngaundere): Ni tambayata, me ya sa sai mun je tsibirin Girkawa neman jaruma? Ba mu da Amina ta Zazzau? Ba mu da Daurama?

Kawu Bala (Marwa): Muna da wadda ta fi kusa ma, Hajiya, kuma an yi fim ɗinta tun kafin a haifi yawancin 'yan zauren nan. Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Nijar ta yau, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar nan tafkin Cadi ta nufa, tana ƙona garuruwa a hanya. Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Babu tashi sama, babu igiya mai walƙiya. Kibiya ce da dabara da taurin kai.

Zainabu (Injamena): Kawu, amma a yi adalci, yara ba za su zauna wa wannan ba yadda suke zama wa Diana. Kuɗin da aka zuba ba ɗaya ba ne, kuma salon ma daban. Mu nan muna da Lingui na Mahamat-Saleh Haroun, na 2021, uwa da 'yarta a unguwannin Injamena, mata ne ke riƙe da fim ɗin daga farko har ƙarshe, kuma juna suke ceto, ba namiji. Ya je Cannes. Amma ka tambayi 'yan matan unguwarmu wa ta kalla.

Ɗan Kuseri: Ni ban kalla ba. Akwai faɗa a ciki?

Zainabu (Injamena): Yaya, don Allah. 🙄

Adda Ummi (Garwa): Bari in dawo da ku kan ƙarshen, don har yanzu ba wanda ya kare shi da hujja. Bayan ta kashe Ares, gari ya waye, sojojin Jamus suka cire abin rufe fuska, yara ne ƙanana, suna rungumar abokan gaba kamar an farka daga barci. To ashe da gaske shi ne ya riƙe zukatansu ke nan. In haka ne, wa ya haddasa yaƙin 1939? Ares ya mutu ai.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Adda, zan gwada. Ares da bakinsa ya ce shi ba ya sa su yaƙi, raɗa kawai yake musu ta dabarun makamai, su suke zaɓa. Kuma da ma ana dab da sa hannu a tsagaita wuta, ta 11 ga Nuwamba 1918. Rungumar da kika gani ta mutanen da suka tsira da rai ce daga wuta, ba ta waɗanda aka cire wa sihiri ba. Sannan jarrabawar Diana ta gaske ba kashe Ares ba ce, lokacin da ta ɗaga tanka a kan Dakta Maru ne, yana zuga ta ta sake, ta ƙi.

Adda Ummi (Garwa): Baki ya faɗi haka, ƙanena, amma hoto ya faɗi wani abu daban, kuma a fim hoto ake bi. Mai kallo ya ga an kashe bos, rana ta fito, yaƙi ya ƙare. Ba wanda zai tuna raɗa. Kuma 'yan mintuna kafin ta yafe wa Maru, ta bi ta kan sojoji da yawa cikin fushi. Su ba su cancanci yafiya ba? Ita da ta haɗa gubar da ta kashe ƙauye guda aka bari ta gudu.

Kawu Bala (Marwa): Wannan kuwa shi ne abu mafi kama da tarihi a duk fim ɗin, 'yata. Fritz Haber, wanda ya jagoranci aikin iskar guba na Jamus, kyautar Nobel aka ba shi bayan yaƙin, a kan wani aikin nasa na takin zamani.

Sani Mai Gyaran Waya (Garwa): Kawu da gaske?

Kawu Bala (Marwa): Ta shekarar 1918 ma kuwa. Je ka bincika. An kira magariba a nan, sai na dawo. Zainabu, ki ajiye min amsa a kan Sarauniya, ban yarda yara ba za su zauna mata ba, ba a dai nuna musu ba ne.

Zainabu (Injamena): Allah ya karɓa Kawu. Ina nan, kuma ban janye ba.